Bohumil Kalina, Injiniyan da Aka Rubuta Lebura

Bohumil Kalina ya sauka daga jirgin ruwa a Melbourne ta ƙasar Ostareliya cikin watan Nuwamba na 1949, yana da shekara talatin da bakwai. Matarsa Zdenka tana riƙe da hannun rigarsa, shi kuma yana ɗauke da akwatin katako guda. A cikin shafin kwat ɗinsa akwai takardar shaidar injiniya daga Brno, wadda Zdenka ta ɗinke masa da baƙin zare. A ƙasarsu ta Cek ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin madatsun ruwa, har ya kai idan ya shiga ofis ana miƙe masa. Da mulki ya sauya hannu aka fara kame, abokan aikinsa biyu suka fita da safe ba su dawo ba. Shi da Zdenka suka ratsa daji da ƙafa zuwa Jamus, suka yi shekara ɗaya da rabi a sansanin 'yan gudun hijira kafin sunansu ya fito.

A sabon sansanin da aka sauke su, wani akawu yana zaune bayan tebur, ko ɗaga kai ba ya yi.

"Sana'a?"

"Injiniya," in ji Bohumil. Ya farke ɗinkin da haƙori, ya shimfiɗa takardar a gabansa.

Akawun ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya turo masa abarsa. "Aboki, jiya likitoci uku na rubuta, da wani mai cewa shi alƙali ne. A nan namiji lebura ne, mace 'yar aiki. Shekara biyu, duk inda gwamnati ta tura ka. Na gaba!"

Aka tura Zdenka wankin zannuwa a wani asibiti mai nisan mil ɗari biyu. Shi kuma aka sa shi a bayan babbar mota zuwa kan duwatsu, inda hukumar ruwa ke shirin tare kogin Narrabool. Aka ba shi diga da shebur da bargo biyu, aka nuna masa shugaban leburori, wani gajeren mutum mai jajayen kumatu, Dinny Mulcahy.

"Bo... me?" in ji Dinny, yana ƙoƙarin karanta sunan a takarda. "Wannan suna sai an shafa masa mai kafin ya wuce maƙogwarona. Daga yau kai ne Bob."

Da leburori suka ji wai ya taɓa yin injiniya, sai suka ƙara masa da Farfesa. "Farfesa, miƙo shebur." "Farfesa, lissafa mana minti nawa ya rage a sha shayi." Bohumil ya ci gaba da haƙa, don Turancinsa bai kai na faɗa ba. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Sau ɗaya a wata yakan hau jirgin ƙasa ya je ya ga Zdenka, su zauna a bencin tasha suna cin burodi da cuku, ta kama hannayensa tana kallo.

A shekara ta biyu ana haƙa ramukan gwaji a gefen hagu na kogin, inda kafaɗar madatsar za ta jingina. An kwana biyu ana ruwa. Da suka koma aiki, duk ramukan sun cika fal, sai ɗaya da ya bushe ƙarau. Bohumil ya tsaya a bakinsa ya daɗe. Ya ɗebo bokiti biyu ya zuba. Ruwan ya wuce da wata ƙara kamar ta maƙogwaro, ko minti bai yi ba.

Ya je ya sami Dinny. "Dutsen nan yana shan ruwa."

"Ni ma ina sha, Farfesa, kuma ba wanda ya kore ni daga aiki. Koma raminka."

Leburori suka kwashe da dariya. Amma akwai wani dogon saurayi mai farar hular kwano da ke wucewa, ya ja ya tsaya. Shi ne Lionel Treloar, ƙaramin injiniya, bai daɗe da fitowa daga jami'a a Sydney ba. Ya ce a sake faɗa masa. Turanci ya gagari Bohumil, sai ya jawo wani buhun siminti da aka zazzage, ya ari fensirin Lionel, ya zana masa tudun kamar an yanka shi da wuƙa: ga dutse mai ƙarfi, ga farar ƙasa a ƙarƙashinsa da ruwa ya rarake, ga hanyar da tafkin gaba ɗaya zai bi ya zurare idan aka gina a nan. Ya rubuta lissafi a gefe. Lionel ya tsuguna a cikin taɓo yana bin lambobin da yatsa, fuskarsa tana sauyawa.

Washegari aka zuba koren rini a ramin. Bayan kwana biyu wani makiyayi ya zo ofis da fushi, wai maɓuɓɓugar da tumakinsa ke sha, rabin mil a ƙasa, ta koma koriya shar.

Aka ɗaga madatsar zuwa wani wuri a sama. Rahoton da ya je babban ofis sunan Lionel kaɗai ya ɗauka, aka kuma ƙara masa girma. Da yamma ya zo ɗakin kwanan leburori da kwalaben giya biyu, ya zauna a bakin gadon Bohumil.

"Bob, kada ka ji haushi. Doka ce, wanda ba shi da lasisi ba ya sa hannu. Amma ka riƙe maganata: ranar da shekara biyunka suka cika, ni da hannuna zan rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi. Wasiƙar shugabanka kawai suke nema. Gobe ka ajiye digar nan, na sa an kawo maka tebur a ofishina."

Bohumil ya juya fuskarsa bango don kada a ga idonsa.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafiya daɗi a zamansa na Ostareliya, kuma ko da abin da ya faru ya faru bai taɓa musun haka ba. Hukuma ta ba shi gidan katako mai ɗaki biyu, Zdenka ta dawo, ta haifi 'ya mace bayan sun fid da rai, suka sa mata Milada. Lionel ne ya riƙe ta a coci a matsayin uban baftisma. Kowace Lahadi shi da matarsa suna teburin Zdenka, suna cin gasasshiyar agwagwa da jan kabeji da curin fulawa da ake dafawa a tururi. Lionel yakan ci har ya kwance bel. Shi ya koya wa Bohumil kamun kifi da zagin alƙalin wasan kurket, Bohumil kuma ya koya masa yadda ake sauraren ƙasa. A ofis teburinsu na fuskantar juna. Bohumil yana zane da lissafi, Lionel yana shiga taro da manya, ya dawo ya sa hannu a kusurwar takarda.

Wasiƙar ce dai ba ta rubutu ba. Da fari Lionel ya ce a bari a gama harsashi. Daga nan ya ce sakataren ƙungiyar ya yi ritaya, sabon kuma ba ya son baƙi, gara a jira. Wata shekarar ya ce ya rubuta, tana cikin aljihun tebur, gyara kaɗan ya rage.

"Mutumin nan ya cika yabon girkina," in ji Zdenka wata Lahadi tana wanke kwanuka. "Ina wasiƙar?"

"Aiki ya yi masa yawa."

"Aikin da kai kake yi? Bohumil, ranar da ka sami lasisi za ka iya tafiya ko'ina. Ya san haka. Kai ma ka sani."

Ya sani ɗin, amma bai bar sanin ya sauka cikin zuciyarsa ba. A ƙasar nan kaf, mutum ɗaya ne ya taɓa tsugunawa cikin taɓo ya dubi lissafinsa.

Aka buɗe madatsar Narrabool a 1958. Minista ya zo, aka yi badujala, aka yaye ƙyalle daga wani allon tagulla mai ɗauke da sunaye bakwai. Bohumil yana bayan igiya tare da ma'aikata, Milada a wuyansa. Dinny ya kutsa gaba ya dawo yana sosa ƙeya.

"Farfesa, sau biyu na karanta. Ko Bob ɗin ma babu."

A jawabinsa Lionel ya gode wa "baƙinmu masu ƙwazo da suka riƙe diga cikin dusar ƙanƙara." Aka tafa. Bohumil shi ma ya tafa. Da aka watse ya gangara shi kaɗai ya tsaya yana kallon rarar ruwa tana malala ta kan magudanar da ya kwashe wata goma sha huɗu yana lissafinta. Ruwan ya lanƙwasa daidai inda ya ce zai lanƙwasa, ya faɗi daidai inda ya ce zai faɗi. Ya ce wa kansa wannan ya ishe shi.

Shekara biyar bayan haka Lionel ya zama babban injiniyan yanki, aka ba shi aikin wata ƙaramar madatsa a rafin Kilbirnie, don ruwan shan garin Warrabine. Ta ƙasa ce ba ta kankare ba. Irin wannan madatsa ana yi mata ciki da yumɓu don ya tare ruwa, a bayansa kuma a shimfiɗa yashi da tsakuwa mai kauri, yadda ko ruwa ya tsattsafo ba zai tafi da yumɓun ba. Bohumil ya ɗebo yumɓun da za a yi amfani da shi, ya jefa ɗan curi a kofin gilashi mai ruwa, ya ajiye a teburin Lionel. Kafin su gama shan shayi ruwan ya yi fari kamar an zuba madara.

"Ka gani? Wannan yumɓu narkewa yake yi. Sai an ninka yashin, ba rage shi ba."

"Bob, yashi mai kyau yana mil casa'in daga nan. Zaɓe watan Nuwamba ne, minista ya riga ya sa ranar yanka zare. Kai dai ka cika tsoro. Nan ba Turai ba ce, shekara nawa rafin nan bai cika ba?"

Bohumil ya koma gida ya zauna gaban keken rubutun Zdenka, ya buga shafi biyu da yatsa ɗaya, da takardar kwafi a ƙarƙashi. Ya bayyana abin da zai faru da yadda zai faru, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ya kai wa Lionel ɗaya, ɗaya ya ajiye a gida cikin gwangwanin biskit. Lionel ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Na ji, kuma zan kai sama. Amma kafin su amsa, gyara zanen yadda na ce, kada aiki ya tsaya." Ya dafa kafaɗarsa. "Wannan karon kuma ka rubuta cikakken sunanka a gurbin wanda ya tsara. Ni zan sa hannu a ƙasa kawai. Shekara goma sha biyu kana yi ana yaba wa wani, ya isa haka. Da wannan zanen ma zan haɗa wasiƙar."

Wannan ita ce ranar da Bohumil ya fi komawa kanta a sauran rayuwarsa. Ya san zanen ba daidai ba ne. Amma ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa harafi bayan harafi, ya hura tawadar ta bushe, kuma daɗi ya ji.

A lokacin gwiwoyin Dinny sun gaji da hawan dutse, sai aka ba shi gadin Kilbirnie, da ɗan gida a gindin madatsar, shi da matarsa Noreen. Bohumil ya kai shi inda ruwa ke tsattsafowa a ƙasan bangon.

"Kullum da safe ka ɗebo a kofi ka duba. In garau yake, ka ci gaba da harkarka. Ranar da ka ga ya zama kamar shayi da madara, ka ɗauki Noreen ku hau tudu, sannan ka nemi waya."

"To, Farfesa. Ni da ruwa a kofi dai, an yi abin mamaki."

Shekara uku ruwan yana fita garau. A watan Satumba na 1966 aka yi mako uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Lahadi da safe, Bohumil yana ɗaura taye za su tafi coci, waya ta buga.

"Farfesa," in ji Dinny, muryarsa ba wasa a ciki, "shayin ya sami madara."

"Ku fita yanzu! Dinny, ka ji ni? Kada ka tsaya ɗaukar komai!"

Dinny ya tura Noreen gidan da ke kan tudu, ya ce ta yi ta buga waya ga duk wanda ke zaune a kwarin. Shi kuma ya gangara ya buɗe bakin bututun da ake sakin ruwan madatsar, wai ko ruwan zai ragu. Bohumil yana kan hanya a mota lokacin da bangon ya tsage. Ruwa ya ci gida goma sha ɗaya da gada da tumaki fiye da dubu huɗu. Mutanen kwarin duk sun tsira saboda wayar Noreen. Dinny kuwa sai bayan kwana uku aka same shi a cikin rassan wata bishiya, mil shida a ƙasa.

Washegarin jana'iza, da la'asar, Lionel ya zo gidan. Bai aske gemu ba, idanunsa sun yi ja. Ya zauna a kujerar da yake zama kowace Lahadi, ya kifa kai ya yi kuka sosai. Bohumil ya zuba masa barasar 'ya'yan itace ta ƙasarsu.

"Za a kafa kwamitin bincike," in ji Lionel. "Lauyan hukuma yana tara takardu don ya kare mu duka. Wadda ka ba ni na neme ta a ofis na rasa. Kana da kwafin, ko? Ita ce za ta wanke ka, Bob. Ba ni in kai masa da hannuna."

Zdenka tana tsaye a ƙofar kicin, a bayan Lionel, tana girgiza kai a hankali. Bohumil ya gan ta. Ya tashi ya ɗauko gwangwanin biskit.

Da motar ta tafi ta ce da yarensu, "Ka yanka mu."

"Uban baftismar 'yarki ne, Zdenka."

Kwamitin ya zauna a zauren kotun Warrabine, mutanen kwarin suka cika benci. Aka kafa zanen a kan allo. Lauyan hukuma, wanda aka ce zai kare su duka, shi ne ya miƙe da sanda a hannu.

"Kana da lasisin aikin injiniya a ƙasar nan?"

"A'a."

"Ka taɓa samu?"

"A'a. Amma an yi mini alkawarin..."

"Sunan wane ne wannan, a gurbin wanda ya tsara?"

"Nawa ne."

"Matar marigayi ta shaida mana ka ce wa mijinta ya riƙa duba launin ruwa, in ya sauya ya gudu. Ke nan ka san za ta fashe."

"Na sani. Na rubuta. Shafi biyu na rubuta."

"Ina rubutun?"

Bohumil ya juya ya dubi Lionel. Aka kira Lionel, ya rantse, ya tsaya cikin baƙar kwat yana kallon agogon bango.

"Ban tuna da wata takarda irin wannan ba," ya ce. "Kuskurena shi ne na amince da mutumin da ya ce mini shi injiniya ne a ƙasarsu. Na so in taimaki Mista Kalina, na ba shi dama fiye da yadda ya kamata. Wannan nauyi zan ɗauke shi har kabarina."

Shekara goma sha biyar Bob yake kiransa. Ranar ce ta farko da Bohumil ya ji sunan gidansu a bakinsa, kuma ya faɗe shi daidai, ba gargada.

Jaridu suka buga cewa baƙo marar takarda ne ya zana madatsar da ta kashe mutum. A makaranta aka daina zama kusa da Milada, lokacin tana da shekara goma sha uku. Kwamitin bai kai shi gaban alƙali ba, amma hukuma ta kore shi, ta ba shi kwana talatin ya bar gida. Lionel aka ba shi takardar gargaɗi, bayan shekara biyu aka ɗauke shi zuwa babban ofis a Sydney.

Suna ɗaure kaya Noreen ta shigo da baƙaƙen kayanta na takaba. Bohumil ya kasa ɗaga ido.

"Na faɗi maganar shayin ne don in taimake ka, Bob," ta ce. "Ban san za su juya ta ba. Dinny ya ce duk ofishin nan kai kaɗai ka san inda ruwa yake kwana." Ta nannaɗe hannun riga ta shiga naɗe kofuna a jarida tare da Zdenka.

Suka koma Mirroola, wani ƙaramin gari a fili, inda ba tudu ko ɗaya sai tankin ruwa. Majalisar garin tana neman wanda zai kula da injinan famfo, ba ta kuma yawan tambaya. Yana da shekara hamsin da biyar ya koma shafa wa inji mai da zuba maganin ruwa. Shekara biyu kusan ba ya magana. Yakan dawo ya zauna a baranda har abinci ya huce. Ba korar ce ta fi cin sa ba, Dinny ne, da hannunsa da ya rubuta sunan.

Wata rana wani makiyayi mai suna Col Finlayson ya tsayar da mota a gidan famfo, ya leƙo.

"An ce kai ne wanda ya fasa madatsa."

"Ni ne."

"To ai ka san yadda suke fashewa ke nan. Tafkina sau uku ina haƙawa, sau uku yana tsiyayewa. Shiga mu je."

Bohumil ya ɗauki kofin gilashi ya shiga. Ya yi yini guda yana zagaya gonar yana jefa curin ƙasa a ruwa, ya kafa turaku a wani wurin da Col bai taɓa tunani ba, ya tsaya kan mai katafila har aka gama daɓe. Tafkin ya cika, ya kuma riƙe. Labari ya bazu. Cikin shekara goma sha biyar ya fitar wa makiyayan yankin tafki fiye da ɗari da arba'in. Wasu su kawo rabin rago, wasu akwatin lemo, wasu su gyara masa rufi. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya zane a takarda, ba ya sa hannu a komai. Da turaku da igiya yake aiki, sai sanda da yake zana ƙasa da ita.

A farin 1982, lokacin da ake harbe tumaki don ba abin ba su, tafkunansa ne na ƙarshen ƙafewa. Cikin wannan farin ne wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidansu da tsakar rana. Lionel ya fito, ya yi ƙiba, kansa ya yi fari, da 'yar alamar lambar girma a wuyan kwat. Ya yi ritaya, ya ce, kuma hukuma ta ba shi aikin rubuta littafin tarihinta.

Bohumil ya nuna masa kujera a baranda. Zdenka ta leƙo, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Ko ruwa ba a kawo ba.

Lionel ya yi ta kewaye-kewaye, zafin bana, ciwon zuciyarsa, jikokinsa. Daga bisani ya fito da abin da ya kawo shi. Akwai babi a kan magudanar Narrabool, ɗalibai har yanzu suna zuwa kallonta, shi kuma ya manta dalilin da ya sa aka lanƙwasa bakinta haka. Ko Bob zai tuna masa?

Bohumil ya dube shi. "Ina takardata?"

Lionel ya sunkuyar da kai. "Na ƙone ta. Duka biyun. A hanya na tsaya, tun kafin in kai gida."

"Ka zo da niyyar haka, ko a hanyar ka yanke?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Bob. 'Ya'ya uku gare ni a lokacin."

"Za ka rubuta wannan a littafin?"

"Wa zai amfana yanzu? Shekara goma sha shida ke nan. Duk waɗanda suka zauna a kwamitin sun mutu."

"Noreen tana da rai. Tana gidan tsofaffi a Warrabine, kan hanyarka take. Ka tsaya ka faɗa mata abin da ka faɗa mini. In ta bugo mini waya ta ce ka je, zan zauna in rubuta maka lissafin magudanar daga farko har ƙarshe."

Lionel ya ce zai yi tunani. Ya miƙo hannu, Bohumil ya dubi hannun bai karɓa ba. Sati uku Bohumil yana zama kusa da waya, yana ce wa Zdenka ƙafarsa ce ke ciwo. Noreen ba ta bugo ba. Da Milada ta kai mata ziyara ta tambaye ta, ta ce ba wanda ya zo. Littafin ya fito bayan shekara biyu, babin magudanar shafi ɗaya da rabi ne, yawancinsa hoto.

Bohumil ya rasu a watan Agusta na 1989, yana da shekara saba'in da bakwai. Yana kafa turaku a gonar ɗan Col Finlayson, ya ce bari ya ɗan zauna a inuwar bishiya, bai tashi ba. Wata uku bayan haka aka buɗe iyakar ƙasarsu ta Cek. Ranar jana'izarsa motocin makiyaya sun yi layi daga coci har gidan famfo, wasu sun yi tuƙin mil ɗari da hamsin, da ƙura a hulunansu.

Milada, wadda ta zama malamar lissafi a Wagga, ta rubuta wa hukumar tana neman a sake duba binciken Kilbirnie. Amsa ta farko ta ce an miƙa wa sashen da ya dace. Ta biyu ta ce an raba hukumar gida biyu, ta rubuta wa ɗaya ɓangaren. Ta uku ba ta zo ba sam. Ta huɗu ta iso bayan shekara huɗu, Milada ta kawo ta Mirroola ta karanta wa uwarta a kicin, don idon Zdenka ya daina ganin ƙananan haruffa. Ofishin yana baƙin cikin sanar da ita cewa takardun Kilbirnie suna cikin waɗanda suka lalace lokacin da rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo.

"Sake karanta wurin nan," in ji Zdenka.

Milada ta sake.

Tsohuwar ta ajiye wuƙar da take yanka albasa da ita, ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, Milada tana bubbuga mata baya.

"Hukumar ruwa," ta ce tana share ido da gefen hannu. "Ko rufi ba su iya ba."